Tambaya da Amsa: Awoyin da ke Tsakanin Jirgi da Jirgi

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka zo: zaman jira a garin da ba shi aka nufa ba, daga saukar jirgi ɗaya zuwa tashin na biyu. Mutumin Maraɗi da zai fita waje, ko ta Yamai ya bi ko ta Kano, da wuya ya samu jirgin da zai kai shi kai tsaye. Sai ya yada zango a Istanbul, Adis Ababa, Kasabalanka, Alƙahira ko Lome. Ga waɗanda fili ya ba mu damar amsawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Tufafi nake sayarwa a Babbar Kasuwa. Tikitina ya nuna zan yi awa 9 a Istanbul kafin jirgi na biyu ya tashi. Ina so in leƙa kasuwar Laleli da ake ta ba mu labari, in yi salla a masallacin Sultan Ahmad, in dawo. Lokacin zai isa?
(Wani Alhaji, unguwar Sabon Gari)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Awa 9 ɗin nan na kan takarda ne. Bari mu ƙirga abin da zai rage a hannunka.

Daga lokacin da tayar jirgi ta taɓa ƙasa zuwa lokacin da za ka ga kanka a waje, ware awa ɗaya da rabi. Sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a watan Afrilun 2019, ƙato ne ƙwarai. Jirgi kan daɗe yana gangarawa kafin ya tsaya, ga tafiyar ƙafa mai nisa, ga layin duba fasfo. Daga filin zuwa tsohon gari, inda Laleli da masallacin suke, ya haura kilomita 40, don haka ware awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. Sannan ya kamata ka kasance cikin filin awa 3 kafin tashi, domin za ka sake bin layin bincike da na fasfo, ƙofar shiga jirgi kuma akan rufe ta kimanin minti 20 kafin lokacin da ke kan tikiti. Awa 7 da rabi ke nan sun tafi. Awa ɗaya da rabi ce taka.

Ta ishe ka abu ɗaya, ba biyu ba. A ganinmu ka zaɓi masallacin. Cinikin sari a Laleli ba na tsaye-tsaye ba ne: sai ka zaga shaguna, ka gwada farashi, ka daidaita da masu kargo, wannan aikin kwanaki ne. Kuma ko ka saya, ina za ka sa? Babban akwatinka ya wuce jirgi na biyu, jakar hannu kuwa kilo 7 ko 8 aka fi yarda da shi.

Amma kafin duk wannan lissafi akwai biza. Zama cikin filin jirgi, a ɓangaren masu wucewa, ba ya bukatarta. Fita gari kuwa shiga ƙasar Turkiyya ce, kuma mai fasfon Nijar sai da biza. Ka nemi bayani a ofishin jakadancinsu da ke Yamai tun kana gida. Wanda ya bari sai ya sauka, a kan kujerar jira zai cinye awoyinsa.

Idan biza ta samu, hanyar da ta fi tabbas ita ce jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, don cunkoson motoci bai shafe shi ba. Ka sayi katin Istanbulkart a injin tasha, ka zuba masa kuɗi. Ka hau layin M11 zuwa Gayrettepe, ka canza zuwa M2 mai nufar Yenikapı, ka sauka a Vezneciler. Daga nan Laleli tafiyar ƴan mintoci ce da ƙafa, kuma a bakin titinta za ka samu taragon T1, tasha ta uku ita ce Sultanahmet. Ka ga ko ba ka yi ciniki ba, idonka ya ga kasuwar. Canjin da ake yi a Gayrettepe yana cin lokaci, tashar tana da zurfi sosai, ka sa shi cikin lissafi. Jirgin layin M11 ba ya kwana yana aiki, in cikin dare ka sauka sai motocin bas na filin jirgin, masu suna Havaist.

In jiragenka biyu na Turkish Airlines ne a tikiti ɗaya, kuma zamanka tsakanin awa 6 ne da 24, kamfanin na da shirin Touristanbul: mota, ɗan jagora da abinci, duk kyauta. Suna da awoyin tashi ƙayyadaddu, ana rajista a teburinsu bayan an fito daga wajen duba fasfo. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, wannan ya fi kwanciyar hankali, don su ke riƙe da agogo.

Abin da za ka tarar: masallaci mai hasumiya 6, wanda ya haura shekara 400, yana fuskantar tsohon ginin Ayasofya da aka mayar masallaci a 2020. A ƙofa za ka ɗauki leda ka sa takalminka, ka shiga da shi a hannu. Lokacin salla ana tsayar da ƴan kallo, masallata su wuce. Kyanwoyi ko'ina, har farfajiyar masallaci, ba mai korarsu. Yawancin dattawan garin ba sa jin Faransanci ko Ingilishi, amma in ka nuna sunan wuri a rubuce, wani zai taka maka har bakin tarago. Mai shago zai miƙo maka shayi cikin ɗan ƙaramin kofin gilashi, ka sha ka yi godiya, ba bashi ba ne.

Akwai kuma waɗanda baƙo ne abincinsu. Mai goge takalmi zai wuce gabanka ya yar da buroshi kamar bai sani ba, ka tsince ka ba shi, ya dage sai ya goge maka don godiya, in ya gama ya yanka maka kuɗi. Wani zai ƙulla abota da kai cikin minti biyar ya ja ka wurin shaƙatawa, a kawo lissafin da zai cinye guzurinka. In ka hau tasi, ka ga an kunna mita, kuma ka faɗi adadin takardar kuɗin da kake miƙawa da baki, don kada ka ba da lira 200 a nuna maka 20.

Abu biyu na ƙarshe. Agogon Istanbul yana gaba da namu da awa 2, kuma lokutan da ke kan tikiti na garin da jirgi zai tashi ne. Sannan garin na da filin jirgi biyu: IST a ɓangaren Turai, SAW a ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Duba haruffan nan uku a tikitinka yau.

Tambaya: Barkanku da aiki. Zan tafi Dubai saro kaya ta Adis Ababa, zan yi awa 14 a can, kuma cikin dare. Wasu sun ce ana ba da ɗaki kyauta, wasu sun ce ba kowa ake ba ba. Ni kaɗai ce, wannan ce fitata ta farko.
(Wata Hajiya, unguwar Zariya)

Amsa: Hajiya, Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Duka biyun gaskiya suka faɗa miki. Ethiopian Airlines na ba da ɗaki, abinci, motar kai da kawo da izinin fita na wucin gadi ga wanda zamansa ya kai awa 8 bai wuce 24 ba. Sharaɗin shi ne jiragen biyu su zama nasu, a tikiti ɗaya, kuma ya kasance babu wani jirginsu da zai tashi da wuri wanda ke kika ƙi. A nan ne mutane ke faɗuwa: an zaɓi dogon jira don ya fi araha, alhali akwai gajere.

Ki koma ajans ɗin da ya sayar miki da tikiti, ki ce su tabbatar miki da maganar otel a rubuce. A Yamai, wajen auna kaya, ki karɓi katin shiga jirgi guda biyu, ki tambayi takardar otel, ki duba ɗan liƙin da aka manna wa akwatinki ki ga DXB (Dubai) aka rubuta ba ADD (Adis Ababa) ba. Idan kin sauka a filin jirgin Bole, ki nufi teburin kamfanin na masu wucewa da fasfo da katin jirgi na biyu. Daga nan sai wajen duba fasfo, sai motar otel. Filin yana manne da gari, ba nisa.

Akwatinki ba za ki gan shi ba sai Dubai, saboda haka jakar hannu ce ɗakinki na wannan dare. Ki sa kayan canji ɗaya, maganin da kike sha, caja, safa da rigar sanyi mai kauri. Adis Ababa tana kan tudu, sama da mita 2,300, Maraɗi kuwa ba ta kai 400 ba. Da dare sanyi kan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka, daga Yuni zuwa Satumba kuma ga ruwan sama. Za ki iya jin haki in kin hau bene, ko ɗan ciwon kai. Tsawon wurin ne, ki tafi a hankali ki sha ruwa. Mai hawan jini ko asma kada ta raba maganinta da jikinta. Humra, turare da man shafawa, duk kwalbar da ta wuce mililita 100 ki sa ta a babban akwati. Girman kwalbar ake dubawa, ko rabi ce a ciki za a karɓe. Batirin cajin salula kuwa akasin haka ne: a jakar hannu kawai ake yarda da shi, kuma kada ya wuce 27,000 mAh.

Yanzu ga abin da ya fi sa baƙi rasa jirgi a Habasha. Mutanen ƙasar daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wurinsu, haka ma ƙarfe 7 na dare. To idan ma'aikacin otel ya ce mota za ta zo ƙarfe 11, yana iya nufin ƙarfe 5 na asuba. Ki sa ya rubuta miki, ki nuna masa agogon salularki ya tabbatar. Salular kuma ki tabbata ta koma lokacin can, wanda ke gaba da namu da awa 2. Ki saka ƙararrawa biyu, ki ce su ma su buga miki waya a ɗaki.

Kasuwar Merkato da masallacin Anwar da ke cikinta sun cancanci gani, amma ba cikin dare ba, ba ke kaɗai ba, ba a fitar farko ba. Ko a otel za ki ga Habasha. Sau da yawa za ki tarar da mace zaune kan ƴar kujera tana soya ƙwayar kofi a kan gawayi, hayaƙin lubban na tashi, ga gugguru a faranti, tana tsiyayowa daga tulun yumɓu mai dogon wuya zuwa ƙananan kofuna marasa mariƙi. Zagaye uku ake yi. Ki ɗanɗana ɗaya ya isa, yana da ƙarfi, zai hana ki barci. Abincinsu injera, kamar sinasir ne mai faɗi da tsami, ana zuba miya a kansa a ci da hannu. Kitfo ɗanyen nama ne, ki bar shi a daren tafiya. Mahautan Kirista da na Musulmi daban suke a garin, in zuciyarki ba ta kwanta da nama ba ki nemi shiro, miyar garin wake ce, ko kifi.

Tambaya: Na gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, na samu gurbin ƙaro karatu a Turkiyya. A intanet na ga tikiti biyu masu araha: Yamai zuwa Kasabalanka da kamfani ɗaya, Kasabalanka zuwa Istanbul da wani. Tsakaninsu awa 2 ba minti 10. In saya?
(Wani ɗalibi, Tibiri)

Amsa: Barka da arziki, ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a karatun. Kada ka saya a haka. Tikiti biyu yarjejeniya biyu ce. Kamfanin farko aikinsa ya ƙare da ya sauke ka a Kasabalanka, na biyu kuma bai san da zamanka ba sai ka bayyana a teburinsa. Dole ka bi layin fasfo ka shiga Maroko, ka jira akwati, ka kai shi awo, teburin awo kuma akan rufe shi awa ɗaya kafin tashi. Minti 50 ke gare ka na duk wannan, in jirgin farko bai makara ko minti ɗaya ba. In ka rasa na biyu, kuɗin ya tafi, kuma idan na zuwa da dawowa ne, yawanci har dawowar ake sokewa. Da tikiti ɗaya mai lambar rajista ɗaya, makarar jirgin farko nauyin kamfani ce, su za su sa ka a na gaba.

In bambancin kuɗin ya yi yawa har ba ka iya haƙura, to ka bar aƙalla awa 6 a tsakani. In ka bar 10 ko 12 da rana, ka samu ganin gari. Mai fasfon Nijar na cikin waɗanda Maroko ta yafe wa biza, sai dai wani lokaci sukan ƙara sharaɗin cike takardar izini ta intanet, don haka ka tabbatar a satin tafiya. Filin jirgin Muhammad na Biyar yana kimanin kilomita 30 daga gari, tashar jirgin ƙasa tana cikinsa daga ƙasa. Kusan kowace awa ake tashi, minti 45 zuwa tashar Casa Port da ke cikin gari. Da ka sauka, kafin ka fita tasha, ka rubuta lokutan jirage biyu na dawowa. Ka hau jar tasi ƙarama zuwa masallacin Hasan na Biyu, wanda aka buɗe a 1993, wani ɓangarensa a kan teku, hasumiyarsa kimanin mita 200. Jajayen tasin nan mutum 3 suke ɗauka, direba na iya tsayawa ya ƙara wani a hanya, ba cuta ba ce, haka tsarin yake. Ba sa zuwa filin jirgi. Faransancinka zai yi maka aiki ko'ina. 

Tambaya: Sefa za ta yi mini amfani a hanya?
(Wani mai karatu, Madarunfa)

Amsa: Malam, a Lome da Abijan za ta yi, kuɗinmu ɗaya. A sauran wuraren da muka ambata da wuya ka samu mai karɓarta. Ko a Duwala da Injamena, sefarsu daban ce da tamu duk da darajarsu ɗaya. Ka canza zuwa yuro tun a gida: yuro ɗaya sefa 655.957 ne a hukumance, wato yuro 50 ya kusa jika 33, ban da ladan mai canji. Ka nemi ƙananan takardu na 5, 10 da 20. In dalar Amurka ce, sabbi marasa yagewa. A filin jirgi ka canza kaɗan, na mota da abinci, don farashinsu ba daɗi, ka adana rasiɗin. Dirhamin Maroko da bir na Habasha ka kashe su ko ka mayar kafin ka tashi, a Maraɗi ba mai saye. Ka kashe intanet ɗin layinka na gida kafin jirgi ya sauka, in ba haka ba kuɗin waya zai ƙare cikin mintoci.

Tambaya: Yaya zan yi da salla a wannan zaman jira?
(Wani dattijo, Tasawa)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. A littattafan Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, tafiyar mil 48, kimanin kilomita 80, ana ƙasaru a cikinta: azahar, la'asar da lisha raka'a biyu-biyu, muddin ba a yi niyyar zaman kwana 4 ba. Mai jiran jirgi matafiyi ne. In kun bi limamin gari, sai ku cika tare da shi. Maganar haɗa salla biyu kuwa, ku zauna da malaminku da tikitin a hannu, ya duba awoyin.

Inda muka fi ganin kuskure shi ne alƙibla. Mun saba da gabas, har jiki ya riƙe. A Kasabalanka gabas ɗin ce. A Istanbul kudu ce, ta ɗan karkata gabas. A Adis Ababa arewa ce, a Dubai kuma yamma. Manyan filayen nan suna da ɗakin salla da wurin alwala, na maza daban na mata daban. A Istanbul ku nemi allon da aka rubuta "Mescit". Lokuta ma suna canzawa: a tsakiyar shekara magariba a Istanbul kan wuce ƙarfe 8 da rabi.

Tambaya: A wani filin jirgi na haɗu da wani bawan Allah mai jin Hausa. Muka yi hira, ya saya mini ruwa, ya taya ni neman ƙofar jirgi. Daga baya ya roƙe ni in riƙe masa ƙaramin ƙunshi, wai magani ne na mahaifiyarsa, wani zai karɓa in mun sauka. Na ƙi, amma har yau abin na damuna, ina ganin kamar na yi butulci.
(Wata malamar makaranta, unguwar Bagalam)

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, daidai kika yi. Jin Hausa a ƙasar da ba ki san kowa ba yana sanyaya zuciya, kuma yawancin waɗanda za ki haɗu da su mutanen kirki ne, ki gaisa, ki yi hira, ki karɓi taimako. Amma a gaban ƴan duwan, abin da ke cikin jakarki naki ne, ba wanda zai saurari labarin wanda ya ba ki. Masu safarar ƙwaya da irin wannan hanya suke aiki: alheri kaɗan, sannan roƙon da kunya ke hana a ƙi. Ko da gaske magani ne, tramadol da kodin, waɗanda wasu ke ɗauka ba komai ba, suna kai mutum kurkuku a Masar da Dubai in babu takardar likita. Ganyen taunawa mai sa maye da ake kira cat, wanda ake sayarwa a fili a Habasha, haramtacce ne a Saudiyya da Dubai. Goro ma an hana shiga da shi Saudiyya, kilishi kuma ba ya shiga ƙasashen Tarayyar Turai. In hakan ta sake faruwa, ki ce "ka yi haƙuri, ba na riƙe saƙo," ki tsaya a nan, ba sai kin kawo dalili ba. Haka kuma kada ki yarda ki tsare wa baƙo jaka, kada ki bar taki a hannunsa ki shiga bayi.

Tambaya: Mahaifiyarmu za ta umara ta Alƙahira, shekarunta sun ja, ba ta karatun boko, ƙafa kuma na damunta. Me za mu tanadar mata?
(Wani magidanci, Gidan Rumji)

Amsa: Allah ya saka muku da alheri, ya karɓi ibadar Inna. Ku zaɓa mata jira na awa 3 zuwa 5: ƙasa da haka gudu ne, sama da haka gajiya. Ku sa ajans ya nema mata keken marasa ƙarfi aƙalla awa 48 kafin tafiya, a jiragen zuwa da na dawowa duka. Kyauta ne, kuma mai tura keken shi zai bi da ita bincike ya kai ta ƙofar jirgi na biyu, wanda shi ne babban amfanin. Ku rataya mata ƴar jaka a wuya, a ciki fasfo, katunan jirgi, katin rigakafin shawara, shaidar allurar sanƙarau da aka yi aƙalla kwana 10 kafin isa, da takarda ɗaya mai sunanta, lambobin jiragenta da lambar wayarku, da Larabci da Faransanci.

Idan daga Jidda Makka za ta wuce, a sama za a ƙetare miƙati, wanda ga mai tasowa daga Masar shi ne Juhfa. Saboda haka ta yi alwala ta kintsa tun a Alƙahira, ta ɗaura niyya in an yi sanarwa a jirgi. Ku haɗa ta da wani cikin ayarin da zai faɗa mata da Hausa.

Ɗan rasiɗin akwatin da ake mannawa a bayan katin jirgi kada ya ɓata. In akwati bai fito ba, a kai rahoto teburin ɓatan kaya kafin a bar zauren, a karɓi takardar shaida mai lamba. In ya iso a fashe, kwana 7 ne wa'adin kai ƙara a rubuce. In ya iso a makare, kwana 21 daga ranar da aka karɓe shi.